Rabin Bakin Kanal

Fatakwal, 9 ga Satumba, 1988

Zuwa ga ƙanena Isiyaku,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Indo da yara.

Tun rani nake riƙe da maganar nan. Wata rana mota ta zo kasuwa daga Kura, muka hau sauke kwandunan tumatir. Ina ɗauke da guda a kaina, direban yake cika baki wai wannan daga gonar Isiyaku ne, duk layin kanal ɗin ban-ruwa ba mai kamarta. Gonar Isiyaku. Ban gaya masa ko ni wane ne ba. Kwando sha ɗaya na sauke.

Ka san ta Baba ce. Da gwamnati ta baje ƙasar don aikin ban-ruwa ta sare ɗorawar kan iyaka, wanda aka tarar a tsaye ranar rabo shi aka rubuta. Kai aka tarar, ni ina nan ina dako. Yanzu an ce har babur ka saya, ana kiranka gaba a ɗaurin aure. Ban ce ka yi sata ba, amma shekara shida ban yi barci mai daɗi ba.

Zan zo in kai ƙara gaban alƙali. Na ga ya dace ka ji daga bakina.

Yayanka,
Dalhatu

Kura, 27 ga Satumba, 1988

Zuwa ga Yaya Dalhatu,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Takardarka ta iso, Malam Hambali na makaranta ya karanta mini, sai da ya tsaya a tsakiya.

Yaya, kada mu je kotu a riƙa nuna ’ya’yan Baba. A sakatariyar ƙaramar hukuma akwai dattawa masu zaman sulhu duk Alhamis, ba a biyan komai. Na je da dagaci, na ce rabi naka ne, ban taɓa musu ba. Sun tambaya ko ka taɓa aikowa a yi yashen kanal, na mai da su kan maganar rabo.

Sun ce a yi yadda aka saba: ƙarami ya raba, babba ya zaɓa. Na ja igiya a gabansu. Rabi yana bakin kanal, shi ke fara shan ruwa, nan na zuba takin shekara shida. Ɗaya rabin yana ƙasa, ruwa na kwanciya, kanwa ta fara fitowa. Ba yadda za a raba ta ban da haka, sun duba. Indo ta ce ni wawa ne.

Suna jiran amsarka kafin shukar alkama. Wanda ka ɗauka ba zan ce uffan ba. Babur kuwa tsoho ne, turawa nake yi.

Ka huta lafiya.

Ƙanenka,
Isiyaku

Fatakwal, 15 ga Oktoba, 1988

Isiyaku,

Bayan gaisuwa. Na so a ce ka yi gardama, da na ji sanyi. Ko a nan ma ka fi ni.

Sau biyu ina rubuta bakin kanal ina yagawa. Haƙƙina ne, ba dattijon da zai hana ni. Amma ban zuba ko kwandon taki ɗaya a wurin ba, kuma duk wanda ya wuce ya ga alkama ta yi kyau ya san hannun wa ya gani.

Ka gaya musu na ɗauki na ƙasa. Kada ka gode mini, ba da daɗin rai na yi ba. Zan taho ƙarshen wata in ga kanwar da idona. In ka gaishe ni na amsa a daƙile, ka yi haƙuri, ka sake gaishe ni washegari.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayanka,
Dalhatu