Sunan Surukina Ya Cika Labarina

Tanti Baiwa, don Allah ki agaza mini, na ɗebo ruwan dafa kaina.

Ni ɗaliba ce a ajin koyon rubutun adabi a jami'a, can Damagaram. Bara, ina budurwata, na rubuta labarin wani tsoho marowaci, na raɗa masa Munkaila. Da ƙyar ma na rubuta miki sunan, domin bana aka kawo ni Matameye, kuma sunan mahaifin mijina ke nan. Ni da ko mai gawayin unguwarmu "mai sunan Baba" nake ce masa!

To, malaminmu ya zaɓi labarin. Za mu karanta a bainar jama'a, kuma duk faɗin jihar nan sai aka ce gidan matasa na Matameye. Wani mai buga littattafai zai zo daga Yamai, wanda ya burge shi ya shiga littafi, abin da nake mafarki tun ina firamare. Surukata ta gayyato dangi har daga Kurni, Baba kuwa ya ba da wankin babbar riga. Sunan nan yana kowane shafi. Akwai ma inda matar tsohon take kiransa gatsal, tana ƙarawa da "mai hannun jarirai". Af, da wurin da yake ɓoye kilishi cikin hula don kada jikoki su gani. Wannan bayan na tare na ƙara, kada ki tambaye ni inda na gani.

In na karanta, na zama marar kunya. In na ce ba ni da lafiya, littafi ya wuce ni. Wallahi tsoro nake ji.

Amarya mai alƙalami, Matameye

Ɗiyata, ciwon ƙarya ki bar shi. Dama irin wannan ba kullum take zuwa Matameye ba. Kunyar suruki kuwa gaskiyarki, kada ki yarda sunan nan ya fito daga bakinki, littafi bai kai zaman gidanki ba. Maganin mai sauƙi ne: ki je wurin malaminku ki canza sunan, tunda ba a buga ba. Shi ma yana da surukai, zai gane. Amma ki fara zaunar da maigida ya lissafo miki baffanninsa da kawunnansa, kada ki gudu daga Baba ki faɗa kan yayansa.

Abin da ya fi sunan zafi shi ne hular nan, ke ma kin sani. Ki karanta wa maigidanki wurin tukuna. In ya ɓata rai, ki cire, zumunci ya fi tafi. In ya yi dariya, ki bar ta. Laifi tudu ne, marowaci bai taɓa gane kansa a labari ba, Baba zai rantse da maƙwabcinsa kike.

Surukarki ce za ta gane. Ranar karatu ki saci kallonta. In kin ga ta toshe baki da mayafi kafaɗunta na rawa, kin yi uwa a gidan nan.

Allah ya sa mu ga sunanki a bangon littafi, ya kuma rufa wa hular Baba asiri.

Tanti Baiwa