Ƙarfi Aka Ce, Ƙarfe Ka Aiko

Zuwa ga yayana Suma'ila, a Sabha.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da 'yan garinmu da kuke tare a can. Allah Ya tsare ku, Ya sa albarka a gumin da kuke zubarwa. Mu nan Guna muna nan da rai, alhamdu lillahi. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, yana fita masallaci da sanda. Inna tana nan, sai dai zanenta yanzu yana zagaye ta ya yi saura. Ƙanwarmu Larai ta yaye ɗanta, ba don lokaci ya yi ba, nonon ne ya ƙafe. Labarin fari da farar da ta cinye ɗan abin da ya tsira bara ka riga ka ji, ba sai na maimaita ba.

Yaya, tun muna yara kai ke faɗa ni ke ba da haƙuri, amma yau da fushi nake maka rubutu, ka ji shi yadda yake. Ran da Sule ɗan Kawu Nomau zai koma wajenku, Inna ta kira shi ta ce ya gaya maka ƙarfin gida ya ƙare, ka aiko da abin ƙara ƙarfi. Ina bakin ƙofa, da kunnena na ji. To kai ɗan ina ne? A ina ka taɓa jin uwa ta buɗe baki ta ce wa ɗan farinta tana jin yunwa? Matar da ko sunanka ba ta kamawa, sai dai ta ce wancan na Libiya? Wannan 'yar maganar ma sai da ta kwana tana juya ta kafin ta fito. Ko yaron goye a Damagaram ya san in babba ya ce ba ƙarfi, rumbu yake nufi. Kai kaɗai ne zaman ƙasar Larabawa ya toshe wa kunne.

Da aka ce mana kamyon Agadas, babbar motar kayan nan, ya sauke kayanka a tashar Damagaram, amalanke na ɗauka na je. Ƙarti biyu suka kama kwalin suna nishi, jakin ma da ƙyar ya kawo mu gida. Duk gari aka gani. Kafin in kwance igiya tsakar gidanmu ya cika da mata sun zo barka da arziki, kowace da hannu ɗaya cikin mayafi, ni kuwa na san ƙoƙo ne a ɓoye. Inna ta ce ita ba za ta ci ita kaɗai ba, a buɗe a gaban kowa. Na buɗe. Ga sanduna biyu gajeru na ƙarfe, ga faya-fayan ƙarfe baƙaƙe masu huji a tsakiya, manya da ƙanana, ga waɗansu zobba na murɗawa. Maƙwabciyarmu Rabi ta leƙa ta tambaya ko injin niƙa ne. Da na ce a'a, ta yi mana Allah Ya sanya alheri, ta fita ƙoƙonta a kife. Inna ta shige ɗaki, ranar ko tsakar gida ba ta sake takawa ba.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Waɗanda ba su gani da idonsu ba cewa suke shinkafa da taliya na ƙarƙashin ƙarfen, mun ɓoye. Da hatsin taimako ya zo, mai gari ya ce gidan da aka sauke wa kayan da mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa ya dakata tukuna, a fara da mabukata. Baba ya juya. Ya dawo da buhunsa a naɗe a hammata, ya rataye shi inda ya ɗauko.

Direban ya isar mini da saƙonka: wai in riƙa ɗagawa safe da yamma, in fara da ƙananan faya-fayan, in jiki ya saba in ƙara manya, in murɗe zoben da kyau kada ya faɗo mini a ƙafa. Wai ka sayo masu tsada ne, waɗanda ake ragewa a ƙara, don in gina jiki in shiga kokawa, in na ci gida ya huta. Don kada in zalunce ka, na gwada. A bayan rumbu nake yi inda ba mai ganina. Ba zan yi ƙarya ba, abin an yi shi da dabara, damtsena har ya fara tauri. Amma abin da ba ka faɗa wa direban ba, ƙarfen nan ci yake sa mutum. In na ajiye shi sai in ji cikina kamar an yashe rijiya. Mu da muke jiƙa anza kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita, mu haɗa da ganyen jiga da dusa! Ran nan na suɗe kwanona, na ɗaga kai, sai na ga Inna ta turo mini nata, wai ita ta ƙoshi. Tun daga ranar ban sake gwada shi ba. Ai sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, Yaya.

Na kai shi kasuwa, aka yi mini dariya, aka ce bana wa ke sayen nauyi ya ƙara wa kansa. Na kai wa Dodo maƙeri ko zai fitar mana da fartanya, ya ƙwanƙwasa ya ce ƙarfen zubi ne, ba ya ƙiruwa, fashewa zai yi. Ka ga ko gona ba ya zuwa.

Amma na sama masa aiki. Ka san tulun da Baba ke ajiye iri a ɗakinsa, geron shukar nan da muka gada tun kaka da kakanni. Shi kaɗai ya rage a gidan nan. Na ga yara suna kewaya shi, sai na jera faya-fayanka duka a kan murfin, yadda ba mai iya buɗewa sai ni. Shekaranjiya na shiga na tarar an sauke na sama an jingine shi a bango. Ba aikin yara ba ne, ba za su iya ba. Jiya an sauke wani. Baba ne, yana yi ɗaya-ɗaya gwargwadon ƙarfinsa, duk ran da kukan ɗan Larai ya yi yawa. Ni ba zan iya mayarwa a gabansa ba, shi kuma ba ya iya kallona. Hadari ya fara leƙowa daga gabas. In na ƙarshe ya sauka kafin saƙonka ya iso, ko ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya, bana gonarmu ba ta ganin shuka.

Saboda haka ga maganar da Inna ba za ta iya faɗa maka ba, ni na cire kunya na rubuta ta da manyan baƙaƙe: HATSI. Ko abin sayensa. Ka ba direban nan da ya kawo ƙarfen, ya san gidan, duk garin ma ya san shi yanzu.

Baba yana gaishe ka, ya ce kada in gaya maka komai, ka ga ban ji ba. Larai da mijinta suna gaisuwa. Kawu Nomau ya ce ka gai da Sule, ka ja masa kunne ya riƙa aike. Inna ba ta ce a gaishe ka ba, ka san ba ta faɗa, amma ta tambaye ni ko can ma ana sanyi.

Ƙanenka da har yanzu bai fasa ganin girmanka ba,
Gambo