Gurbin Mai Komowa

Yamai, watan Janairu

Zuwa ga Yaya Zuhaira, a Gangara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara, don Allah ki durƙusa ki gaishe mini da Inna.

Katin wayar da kika naɗi tatsuniyoyin Inna a ciki kika ba direba ya iso. Na saurari muryar Inna har sai da na ji kamar ina zaune a tsakar gidanmu. Kin san aikin da nake yi a jami'a: ina feɗe tatsuniyoyin Damargu in ga ƙashin da ke cikinsu. Kusan duk ƙashi ɗaya ne. Wani abu ya ɓace a gida, wani ya fita nema, ya gamu da mai taimako, ya kara da mugu, ya samo, ya komo. Suna ba kome ba ne, gurbi ne abin dubawa. Yau Gizo ne mai fita, gobe maraya. Yau tsohuwa ce mai taimako, gobe kurciya.

Amma na Inna sun ba ni mamaki, domin babu komowa a cikinsu. Saurayin da ya bi sawun taguwar ubansa, wato raƙumarsa, ya same ta a bakin rijiya, sai labari ya tsaya nan, ko ƙurunƙus babu. Haka duk sauran. Na tattara na matan Tanut da Falanko da Tarka, ban ji irinsu ba. Malamina ya ce wani salo ne da ba a taɓa rubutawa ba, in ware masa babi guda. Ki taimaka ki ƙaro mini wasu.

Ƙanenki,
Abdurrazak

Gangara, watan Fabrairu

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara na gaida kawunsu da suka sani a hoto.

Wai salo! Na yi dariya, sai kuma na ga ina share hawaye. Kai da malaminka kun feɗe tatsuniya kamar ragon layya, kun ga ƙashi, ba ku ga tsohuwar da ke ba da ita ba. Ka manta ne? Kai ne fa ba ka yarda a tashi sai saurayin nan ya shigo gida uwarsa ta shafa masa mai a ƙafa. Ranar da Inna ta ja labarin ka yi fushi, ka yi tsalle ka dafa murhu. Tabon na nan a tafin hannunka na hagu, ka duba.

Da can duk masu fita tana maido su gida. Tun daminar da ka ce za ka zo ba ka zo ba, ta fara barinsu a hanya. In yara sun ce, "Kaka, sai me?" sai ta ce, "Yana tafe," ta juya tana kallon ƙofa.

Abin da ban faɗa maka a waya ba, ga shi. Hankalinta ya soma guduwa. Shekaranjiya ta zuba gishiri a kunu, jiya ta kira ni da sunan ƙanwarta Rabi da ta rasu tun muna yara. Tatsuniya kaɗai ce ba ta ɓace mata ba. Kai kuma har yanzu tana riƙe da sunanka, amma ban yi maka alkawarin gobe ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Yayarka,
Zuhaira

Yamai, watan Maris

Yaya,

Bayan gaisuwa. Takardarki ta hana ni cin abinci. Na cire babin, na gaya wa malamina dalili.

Wallahi ina kewar gida. Ina kewar furar Inna, da yadda take canza murya in ta zo wurin Gizo, har da faɗanki. Wani lokaci nakan kunna muryarta ba don aiki ba, in ta ce ga ta nan ga ta nanku in amsa ni kaɗai a ɗaki. Sai dai an sa mini ranar kare aikin gaban malamai a watan Mayu. In na taso yanzu, wahalar shekaru ta tafi a banza. Ki ce mata ina tafe, da zarar ruwan farko ya sauka ina nan.

Allah ya ƙara mata lafiya, ya saka miki da alheri.

Ƙanenki,
Abdurrazak

Gangara, watan Afrilu

Auta,

Gaisuwa. Ba zan ja ba, direba na jira.

Ka san Barmo, mai kawo cukun sayarwa daga Tarka? Jajibirin kasuwa ya tsaya ƙofarmu bayan magariba yana neman ruwan alwala. Inna na cikin labarin taguwa, ta kai bakin rijiya, sai ta ji sallama. Ta miƙe, ita da sai an kama ta take tashi. Ta ce, "Razaƙu, ka iso? Shigo, ɗan nan, ka sha hanya."

Barmo ya dube ni. Bawan Allah ya cire takalmi ya zauna a tabarma, ya ce, "Na iso, Inna." Ta sa na dama fura, ta sa aka kawo man shanu ta shafa masa a ƙafa da hannunta. Sannan ta juyo ga yara ta ƙarasa labarin. Saurayi ya koro taguwa, ya shigo gari, uwarsa ta yi guɗa. Ta ce ƙurunƙus kan kusu. Yarana ba su taɓa jin ƙarshen ba sai ranar.

Tun daga nan ta daina kallon ƙofa. Tana cin abinci sosai, tana tambaya yaushe Razaƙu zai komo daga kasuwa. Ban sani ba ko murna zan yi ko kuka.

Kai ka ce suna ba kome ba ne, gurbi ne abin dubawa. To, an cike gurbin. In ka zo da ruwan farko, ban san wa za ka zama a gidan nan ba.

Yayarka,
Zuhaira

Yamai

Yaya,

Gaisuwa. Na roƙi a ɗage ranar, ban tsaya jin amsa ba. Zan kwana Damagaram ran Laraba, Alhamis in Allah ya yarda ina Gangara. Ki gode wa Barmo, kada ki hana shi zuwa.

A tatsuniya mai komowa yakan iso ba a gane shi ba, sai an ga wata alama a jikinsa. Kada ki faɗa mata ko ni wane ne. Zan durƙusa in miƙa mata hannuna na hagu. In ta shafa ta gane, alhamdulillahi. In ba ta gane ba, ki bar ni in zauna cikin yara, in ta ce ga ta nan ga ta nanku in amsa mata.

Ƙanenki,
Razaƙu