Buhun Da Na Ƙi Buɗewa

Assalamu alaikum mai wannan shafi da masu karatu. Ina gaishe ku, babba da yaro. Ni ban yi boko ba, muryata na aiko aka rubuta, kuma na roƙi a ɓoye sunana. Sunayen da za ku ji ma ba na gaskiya ba ne. Ku saurare ni har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don hukuncin da nake yi wa kaina ya ishe ni.

Ni tsohuwa ce a Jibiya, nan bakin iyaka. Mijina, Allah ya jiƙansa, bakanike ne, ni kuma shekara da shekaru ina sayar da abinci a bakin garejinsa. Ban taɓa riƙe sifana ba, amma kunnena da idona sun koyi aikin. Mota na shigowa zan ce wannan ringi ne, wannan bawul ne, a buɗe a tarar haka. Malam, wato mijin nawa, yakan ciro fulogi ya miƙo mini, ya ce in faɗa masa ciwon motar, yaransa na dariya. A unguwarmu an san ni da sa ido, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. Yaro bai isa ya yi mini ƙarya ba, haka nake faɗa da bakina.

Ɗana namiji ɗaya ne, zan kira shi Sanusi, yana da mata da 'ya'ya uku. Da mahaifinsa ya rasu na sayar da gonata ta Gangara na saya masa ƙaramar mota, da sharaɗi ɗaya: fasinja zai riƙa ɗauka, daga Jibiya zuwa Katsina, ba ruwansa da fiton shinkafa ta cikin daji. Na ga iyayen da aka kawo wa gawar 'ya'yansu saboda tsere da kwastan, na ce ba da ni ba. Ya dafa kaina ya amince. Garejin kuwa Malam ya bar shi a hannun babban yaronsa, zan ce masa Ilu. A gabana Ilu ya girma, da tuwona ya yi ƙarfi, shi ma Inna yake ce mini kamar yadda Sanusi ke faɗa.

Bayan ƙaramar salla Ilu ya sauke injin motar ya sake masa ringi da fistin. Ba a yi sati uku ba aka jawo motar da igiya daga wata hanyar daji wajen Daddara, inji ya buga. Sanusi ya shigo ya zauna a ƙofar ɗakina kamar wanda aka yi wa mutuwa, ya ce Ilu ya cuce mu, kayan jabu ya sa mana. Ban tambaye shi me mai ɗaukar fasinja yake yi a wannan hanya ba. Ni da nake tambayar kowa komai. Na zari mayafina na nufi gareji, a gaban direbobi da masu shayi da abokan aikinsa na kira Ilu maci amana, na ce da Malam zai ɗago kai ya ga wanda ya bar wa wurinsa da ya yi kuka. Yana durƙushe bai ɗago ba. Da na gama sai ya ce, "Inna, zan aiko miki da buhu. Don Allah ki duba."

Na ce ya riƙe tarkacensa, ni ba 'yar gwangwan ba ce.

Ƙa'idar Malam ce, duk abin da aka cire daga mota sai an zuba a buhu an mai da wa mai ita, ya gani da idonsa. Ilu bai bar wannan ƙa'ida ba. Washegari buhun ya iso, na sa aka jefa shi bayan rumbu, ko ɗaurin ban kwance ba. Maganata kuwa ta zaga gari, don an san ba na magana a kan mota ban sani ba. Mutane suka ce in dai matar Malam ta ce jabu ne, to jabu ne. Masu motoci suka janye ɗaya bayan ɗaya.

Ana gab da damina ina share bayan rumbu, buhun ya yage, fulogi ya faɗo a ƙafata. Na ɗauka don in wurgar, sai hannuna ya tsaya. Ɗan ƙarfen bakinsa babu shi, ya narke, farin jikinsa kuma ya yi ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa masa dalma. Na zazzage buhun. Fulogi huɗu, uku haka suke. Fistin ɗaya ya huje a tsakiya, gefen ramin ya zubo kamar kitsen da ya ji wuta. Na zauna a ƙasa. Malam ya sha faɗa mini cewa kayan jabu cinyewa suke yi, ko su tsage, amma in ka ga ƙarfe ya narke daga sama, wuta ce ta fi ƙarfin injin, a nemi wanda ya ƙara mata. Can ƙasan buhun akwai ƙullin tsumma daban. Na kwance, sai ga ɗan bakin tagulla kamar kan allura, da guntun siririn tiyo a jikinsa.

A nan na tuna da kwalbar. Ranar da aka jawo motar, kafin ma a kai ta gareji, Sanusi ya kawo wata shuɗiyar kwalbar ƙarfe ya tura ƙarƙashin gadona, ya ce gas ɗin walda ne na abokinsa, in ajiye masa. Na jawo ta, na gwada tiyon nan a bakinta, ya zauna daidai. Ashe ita ce iskar da samarin fito ke sayowa su ɗaura wa mota, in an biyo su su danna maɓalli, mota ta tashi kamar an harba ta. Na sha jin direbobi na labarinta, ban taɓa ganinta ba. Wata biyu ina barci a kanta. Sanusi ya cire kwalbar, ya manta da bakin tagullar a jikin inji, Ilu ya gani, ya naɗe ya aiko mini ni kaɗai don kada ya tona ɗan maigidansa a bainar jama'a. Ni kuma na jefa bayan rumbu.

Na kira Sanusi, na jera masa kayan a tabarma. Na ɗauka zai yi kuka. Sai ya ce kowa na sawa, fasinja ba ya riƙe gida yanzu, kuma shi cewa kawai ya yi yana zargi. "Ai ke kika je kika zage shi, Inna, ba ni ba." Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Yaron da na goya, ya san bakina yana da nauyi a garejin nan, ya ɗauke shi ya jefi bawan Allah da shi? Ya rasa inda zai ɓoye ƙaryarsa sai ƙarƙashin gadon uwarsa? Da zai fita ya juyo ya ce in na faɗa, magana za ta kai kunnen kwastan da na duwan, takwarorinsu na can tsallaken iyaka, kuma in aka kama shi in san abin da zan gaya wa jikokina.

Ga laifina da nake ɓoyewa: yau sati biyar ke nan da na sani, kuma na yi shiru. Ina wucewa ta bakin gareji in ga Ilu zaune a kan tsohuwar taya, ba mota ko ɗaya a gabansa. Yana hango ni zai taso ya durƙusa ya ce, "Inna, an wuni lafiya?" Bai taɓa tambayata ko na duba buhun ba. Ni kuma in amsa a daƙile in wuce, kamar har yanzu ni aka yi wa laifi. Wace irin tsohuwa ce wannan?

Yanzu shugabannin makanikai sun aiko mini. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za su zauna a kan maganar, kuma sun ce in na maimaita abin da na faɗa, za su karɓe wurin daga hannun Ilu su ba wani. In na ƙi zuwa, maganata ta farko ce za ta tsaya. In na ce na janye kawai, za su tambayi dalili, kuma dukansu makanikai ne, fulogi ɗaya za su gani su gane sauran. Ba yadda zan wanke Ilu ban tona Sanusi ba. Ɗaya na haifa, ya ci amanata. Ɗaya na ci wa mutunci, ya rufa mini asiri.

Na ɗinke buhun da hannuna, yana nan jingine da kwalbar a bayan ƙofata. Saura kwana uku. Jama'a, ku gaya mini tsakaninku da Allah, in ɗauka in tafi da shi, ko in bar shi inda yake? Me zan yi?