Kakin da ke cikin robar Baba

Litinin, 6 ga Mayu

Ban faɗa wa kowa ba: kakin da na kai asibiti da sunan Baba, nawa ne. Ya aike ni da robar, na tsaya bayan masallacin Yerimaram na wanke ta tas, na tofa nawa.

Giwa ce ta mutu a gandun dajin da yake gadi, aka buɗe ta aka ga tarin fuka. Shi ne aka maido masu gadi gida, wai kowa sai an gwada shi. Baba kuwa yana ɗan tari. In an samu abu, aikinsa ya tafi. Ni lafiyata ƙalau.

Alhamis, 9 ga Mayu

An samu tarin fuka a robar.

Asabar, 18 ga Mayu

Malama Ursula ta asibiti ce ke kawo wa Baba magani. Ta ce an tura ƙwayar cutar wani gari a karanta halittarta tun daga farko har ƙarshe, a ga ko dangi ɗaya ce da ta giwar. Wai giwayen da suka rage kaɗan ne ƙwarai.

Kakata, Ya Kaka, ta ce, "Yau kuma ƙwayar cuta ce da dangi? To a gaishe mana da kakarta." Har Malama ta yi dariya. Ni ina bayan labule, na danne tarina da hijabi.

Giwa ta fi Baba ne? Ban yi laifi ba.

Juma'a, 7 ga Yuni

Radiyya 'yar ajinmu ta ce a Islamiyya, "Ga 'yar mai kashe giwa da tari." Na taka mata silifa sai da igiyar ta tsinke.

Siket ɗina ya yi mini yawa. Na sa masa fil.

Talata, 2 ga Yuli

Sakamako ya zo. Ba dangin ta giwar ba ce, irin wadda ke yawo nan cikin gari ce. Baba ya sayo tsire, yana ta cewa, "Na gaya muku! Ko kusa da su ba na tofar da yawu." Zai koma aiki in ya gama magani. Ya ce akwai wata 'yar giwa da ke bin motarsu, yana kewarta.

Nasa kakin fa ba wanda ya taɓa dubawa. Kuma har yanzu yana tarin.

Tsiren bai shiga ba. Ƙanwata Ikhlas ta ɗauki kofina za ta sha ruwa, na fizge har ta yi kuka.

Lahadi, 7 ga Yuli

Har yanzu ban ce na yi laifi ba.

Gobe Malama Ursula za ta zo. Na ce wa Ya Kaka ni zan raka ta bakin titi ta hau keke. Ta kalle ni ta ce, "Ke? Ke da ko sallama sai an matso ta daga bakinki?"

Na ce eh, ni.