Fitilunka Sun Isa Hamburg, Abban Walida

Zuwa ga maigidana, Abban Walida,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar da na saba yi maka, tare da fatan inda kake ya fi nan. Ni dai ina nan unguwarmu ta Edmonton a London. Flat ɗin yana yadda ka bar shi, sai dai ya yi mini girma. Walida ce ta ce in riƙa rubutu a shafina na intanet ko na rage magana da bango, to ga shi na fara. Masu karantawa su yi mini uzuri, da kai nake.

Wata tara ke nan da rasuwarka. Ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayon nan ta Tottenham, wadda ka tsara wa fitilu a aikinka na ƙarshe, an gayyace su Hamburg. Shugabarsu ta kawo mini takardunka har gida, in juya su daga Turanci zuwa Jamusanci. Ba ta ɓoye mini komai ba: idan ma'aikatan can suka kasa bin tsarinka daga takarda, nasu mutumin zai yi sabo, a cire sunanka daga takardar wasan. Na ce mata ta ajiye.

Shekara ashirin muna wannan aikin tare, ni da Jamusancin da na karanto, kai da sanin fitila. Ƙamus bai taɓa isar mu ba. Idan na tambaye ka bambancin fitilar da ke yanka haske da wadda ke baza shi, sai ka ja labulen kicin, ka ɗauko jar tocilar nan, ka tsayar da ni gaban firji. Kakan ce, "Kada ki rubuta hasken da ba ki tsaya a cikinsa ba." Ni kuma in ce miyata za ta ƙone. Sau nawa ta ƙone ɗin!

Akwai abu ɗaya da kullum kai ke dubawa a ƙarshe. Mutanen Ingila daga wajen ɗan wasa suke ƙirga hagu da dama, yana fuskantar jama'a. Jamusawa kuwa daga kujerar ɗan kallo suke ƙirgawa. Don haka duk hagun da ke takardar London, a can dama ce. Na san wannan, wallahi na sani. Amma aikinka ne, kamar kulle ƙofa da fitar da shara ranar Talata. Kai ke zama da jan biro ka bi shafi-shafi.

Sati uku na yi a kan takardun, da rubutun nan naka da ni kaɗai ke iya karantawa, har da tabon shayinka a shafi na tara. Ban tsaya gaban firji ba ko sau ɗaya. Wa zai riƙe tocilar? Walida tana Manchester da aikin asibiti, idan na kira ta sai ta ce in huta, da Turanci. Na gama, na tura, na yi hamdala.

Ranar Laraba bayan azahar ina cikin bas, ledar alayyahu a cinya, saƙo ya shigo daga shugaban masu fitila na can. Sun gwada fitowar ƙarshe, inda uwa ke tsayawa ita kaɗai bayan kowa ya watse, ya kuma turo hoto. Matar da suka tsayar tana gefe cikin duhu, ko fuskarta ba a gani. Hasken kuwa ya sauka a ɗaya gefen, a kan katako, babu kowa a wurin. Sai da na wuce inda zan sauka da tasha uku ina kallon hoton nan.

Abin da ya fi ƙona mini rai, yabo mutumin yake yi. Wai tunani ne mai zurfi, ya burge su, za su bar shi haka da sunanka. Abban Walida, sai da shaiɗan ya raya mini in yi shiru, tunda babu wanda zai san shirmena ne. Idan kuwa na yi magana, suna iya daina yarda da takardun gaba ɗaya su kira nasu mutumin. Sai na tuna faɗan da kake yi idan aka bar ɗan wasa baƙar fata a duhu: "Haba, fuskar nan uwarsa ta zo gani!" Ban iya barin a jingina maka abin da ka tsana ba.

Na rubuta masa cewa kuskurena ne, ban juya hagu da dama ba, ya ba ni kwana biyu. Na ja labulen kicin, na ɗora tocilar a kan kujerarka, na tokare ta da ƙamus. In tsaya gaban firji in ɗaga hannun hagu, in zagayo bayan kujera in duba, in gyara da jan bironka. Haka na bi shafi sittin. Gwiwoyina sun ji jiki, kuma na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Jiya da safe ya kira. Sun sake gwadawa, hasken ya sauka a fuskarta, sunanka yana nan. Sai ya roƙe ni abu guda: za su ambace ka ranar buɗewa, yana so in koya masa yadda ake furta sunan.

Ka san tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunanka ba. Ko a ofishin shige da fice na Croydon, takarda nake nunawa kana yi mini dariya. Na gyara riƙon wayar. Sannan na faɗa. Ya maimaita ba daidai ba, na sake faɗa a hankali, ni kaɗai a kicin. Ashe haka yake a bakina. Ka yafe mini, da na sani da na bari ka ji ko sau ɗaya.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya gafarta maka, Ya sa Aljanna ce makomarka, Ya haɗa fuskokinmu a can.

Taka har kullum,
Maman Walida