Inna, Jibi Zan Ɗauko Sani Daga Tsibiri

Daga ofishin Babban Direktan makarantar koyon kwamfuta ta Maraɗi, zuwa ga marigayiya Malama Hassu mai zogale ta Jiratawa.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan rahama, muna farin cikin sanar da ke cewa ɗanki Iliyasu ya gagari kowa a ajinmu. Kwamfuta na ganinsa sai ta kama rawar jiki. Ɗiyan alhazawan Sabon Gari har layi suke yi don ya duba musu aiki.

To, Malama, wannan rahoton na mutane ne. Ga naki.

Ɗanki ne na ƙarshe a aji. Ana koya musu rubuta kod, wato umarnin da na'ura ke bi, kuma kwas ɗin gudu yake kamar an biyo shi da sanda. Abokan karatunsa sun yi lakwal, wato makarantar boko, wasu har jami'a. Shi allo kaɗai kika kai shi, boko kuwa a jikin waya ya tsince shi. Sai ya yi abin da ya iya: hadda. Duk abin da malami ya rubuta sai ya haddace, yana bisa babur yana tilawarsa. Ranar da malamin ya sauya tambaya kaɗan, ya zuba haddarsa tsaf, na'ura ta cika masa fuska da jan rubutu. Aka yi dariya. Shi ya fi kowa yi, kin san shi.

Amma ba wannan ne ya sa aka rubuto miki ba.

Akwai Sani, wani yaron Tsibiri. Fasinjan ɗanki ne a kabu-kabu, hayar babur da yake yi, kafin su zama abokai. Ɗanki ne ya ba shi labarin kwas ɗin, shi ya nuna masa inda ake kunna na'urar. Yau Sani ne malami ke cewa ya tashi ya yi wa aji bayani. In ya tashi, Inna, sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji kamar na haɗiyi garwashi.

Kin gani, na ce "mini". Bakin Direkta ya zame.

Sani bai yi mini komai ba. Har cewa ya yi in zo mu zauna ya warware mini abin da ya shige mini duhu. Na ce masa ai ni Direkta ne, ba a koya mini. Ya yi dariya, ni ma na yi, na koma ɗaki na kasa cin tuwo.

Ina tuna safiyar da zan fara fita da babur. Kika riƙe kaina kika tofa mini addu'ar tsari daga mai hassada. Har yau ba na fita sai na karanta ta. Jiya ina tsakiyar karantawa harshena ya tsaya. Inna, wanda ake neman tsari daga gare shi, ni ne. Wa zai tofa wa Sani?

Jibi Asabar za a yi jarrabawar da za ta raba aji. Wanda ya faɗi ya koma gida, wanda ya makara ba a buɗe masa ƙofa. Ni ne zan ɗauko Sani daga Tsibiri, don ya ce bai yarda da babur ɗin kowa ba sai nawa. Tun shekaranjiya zuciyata ke raɗa mini cewa taya ai takan yi faci, waya ma takan mutu. Wa zai zarge ni? Kowa zai ce halin Ilu ne, bai ɗauki komai da gaske ba. Ina korar maganar tana dawowa. Wallahi tsoron kaina nake ji, kuma babu wanda zan faɗa wa ya yarda ba wasa nake ba.

Ke kaɗai ce ba na iya ruɗa. Ranar da na tsaya bayan danga na yi muryar mai karɓar haraji, maƙwabta suka ruɗe, ke ko kai ba ki ɗaga daga tsinkar zogale ba. Kika ce, "Ilu, in ka gama, randa ba ruwa."

Shi ya sa na sa takardar nan a fili inda kowa zai karanta, har shi Sanin. Yanzu in taya ta yi faci, duk Maraɗi ta san wanda ya huda ta. Na toshe wa kaina hanya, Inna, don ban yarda da kaina ba. Zan isa ƙofar gidansu da sassafe. In ya ƙi hawa bayan ya karanta wannan, bai yi laifi ba, zan bi bayan wanda ya ɗauke shi har ƙofar aji.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yalwata miki shi. Allah ya ba Sani sa'a, ya kuma sa in faɗi haka wata rana ba tare da ƙirjina ya yi zafi ba.

Babu wani Direkta, ko kujera ba ni da ita. Kin gane tun layin farko.

Naki ɗan kabu-kabu,
Ilu.